Hureira da Leburorin Fir'auna

Ƙarfe bakwai na safe Yaya Hureira take hawa jirgin ƙasa na LRT a tashar Taman Melati, da ledar kanwa a jaka. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana yin haka. A ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a take aiki a nan Kuala Lumpur, kuma in ka tambayi matanmu na unguwar Setapak me take yi, rabinsu za su taɓe baki su ce gumaka take ƙerawa. Yau zan faɗi abin da take yi, wadda za ta ji haushi ta ji.

Mutanen Masar na dā sukan binne mamaci da 'yan mutum-mutumi shuɗɗa, tsawon yatsa, wai su yi masa noma a lahira. Ba da yumɓu ake yin su ba. Farin dutse ake niƙawa, a kwaɓa da gishirin ƙasa dangin kanwa da garin jan ƙarfe, a shanya. In gishirin ya fito saman jiki kamar na gumi a riga, sai a gasa, ya narke ya zama shuɗi mai ƙyalli. Daktocin sashen sun shekara biyu suna son su maimaita wannan aiki, danshin garin nan ya hana, kullum abin ya fito fari fat. Hureira, wadda aka ɗauka wankin kwalabe, ta aika Gashuwa aka kawo mata kanwa ungurnu. Ta shanya kwaɓin a kwabad da fanka, tana juya shi kamar mai shanya kilishi. A gashi na tara ya fito shuɗi. Takardu huɗu aka buga a kan aikin, na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu sunanta.

Wannan bai dame ta ba. Mu ne muka dame ta. Hajiya Ɗelu, shugabar ƙungiyar matanmu, ta kwashe mu mu biyar zuwa gidan Hureira, ni ma ina ciki.

"Hureira, ko aikin ko mu," in ji Hajiya. "Ba ma haɗa hannu da mai taɓa gunki."

Hureira ta ɗauko ɗan mutum-mutumi guda daga kan kanta ta miƙa mata. "Hajiya, duba hannunsa. Fartanya ce. A bayansa kwando ne. Wa kika taɓa gani yana bauta wa lebura? Na tambayi malamai kafin in fara. Nazari ake yi, don a san yadda mutanen dā suka yi aiki. Aikina kuma ba zan bari ba."

Hajiya ta ja hannu kamar an miƙo mata garwashi. Ni kuwa na yi shiru, kuma har yau kunyar shirun nan nake ji.

Daga ranar aka daina kiranta suna da walima. Ta aika waina kula guda sunan gidan Malam Ubale, aka mayar mata da ita ko buɗewa ba a yi ba. In ta miƙa hannu za ta ɗauki jariri, sai uwar ta tuna yana jin nono. Amma waɗannan matan su ne ke aikawa a ɓoye a sammusu kanwar kunu, ita kuma ba ta taɓa mayar da kwano wayam ba.

Yaya Hureira, ke ce ba ki roƙi kowa ya fahimce ki ba. Ke ce kika zo asibiti ranar da naƙudata ta yi tsanani, maigidana yana can jihar Johor, masu tsarkin hannu kowacce ta ce tana da uzuri. Dutse, ba ka jin ruwan sama. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ki kuma yafe mini.

Ku 'yan'uwana mata, ku koyi riƙe sana'ar halal irin nata, ku kuma riƙa tambaya kafin ku yanke hukunci.

Ranar Asabar ne sunan 'yata. Ni da babanta mun gama magana, Hureira za a raɗa mata, kuma takwararta ce za ta fara ɗaukarta a gaban kowa. Wadda za ta zo, bismilla. Wadda ba za ta iya ba, ta zauna a gida, amma ta sani sunan nan za ta yi ta kira har yarinyar ta girma.