Kiran Uwa a Bakin Kogo

Chiyeko Tamashiro tela ce, haifaffiyar Kalifoniya, ba ta taɓa riƙe alli ba sai a 1944. Ana yaƙi da Japan, jinin Japan ya sa gwamnatin Amurka ta tsare ta a sansani ita da mahaifiyarta. Daga can aka ɗauko ta zuwa Minesota, wai ta ɗura wa sojojin Amurka Japananci cikin wata shida. Awa tara kullum, ta faɗa su maimaita, har maƙogwaro ya bushe.

Akwai abin da ta bar wa cikinta. Ƙanenta Seiei yana tsibirin Okinawa wajen kakarsu, kuma an sa masa kakin sojan Japan, waɗanda ke ɓuya a kogwanni. Samarin nan da ke gabanta, su ne za su tsaya a bakin kogon da zai ɓuya.

Littafin soja ya ce a yi kira da "Dete koi!", wato "Fito nan!", tsawar da ake daka wa ɓarawo. Ita kuwa ta san Seiei da kafiya, in aka yi masa tsawa gara ya mutu a ciki. Sai ta koya musu "Dete oide", yadda uwa ke kiran ɗanta cin abinci.

"Haba Malama," in ji Halvorsen, ƙaton ajin, "duk girmana sai na zama babar wani?"

"Sassauta murya, ɗan nan. Kira za ka yi, ba korar shanu ba."

Ba a yi mako ba Manjo Pruitt, shugaban makarantar, ya aika a kira ta.

"Wa ya ba ki izinin taɓa littafi? Ko kin yi kewar sansani ne?"

Ta ce, "Yallaɓai, gawa kuke so ko mai ba ku labari? Gawa dai ba ta magana."

Ya daɗe yana kallonta. "Aji ɗaya na ba ki. In abin ya ɓaci, ki ɗaure kayanki."

A watan Yunin 1945 wasiƙar Halvorsen ta iso daga Okinawa. Ya yi kiran a bakin wani kogo, mutum goma sha ɗaya suka fito, ɗaya yana kuka. Don ta ji daɗi, har ya jero mata sunayensu.

Sau uku ta bi sunayen da yatsa. Babu Seiei.

Ta jawo takarda, ta rubuta masa layi ɗaya: "Kogo nawa suka rage? Don Allah kada ka ɗaga murya."