Guɗar da Na Ajiye wa Bahijja

Sunana Larai, amma in ka shigo Tudun Wadan Zariya ka ce Larai, sai a tambaye ka wacce. Ka ce mai guɗa, ko baƙon ɗan acaɓa zai sauke ka a ƙofar gidanmu. Wasu sun gaji gona, wasu shago, ni kuwa hanci da maƙogwaro na gada a wajen kakata. Tun ina budurwa nake rangaɗa guɗa a bikin mutane, daga Kongo har Hanwa, kuma in na kama hanci na saki, kajin unguwa ma sai sun watse. Aure biyu na yi, duka mazan sun shaida ba ni da aibu sai surutu. Allah bai ba ni haihuwa ba, sai ƙanena Nagoda ya ba ni riƙon 'yarsa Bahijja tun daga yaye.

Uwa ba ta yi wa 'yarta guɗa, kunya ta hana. Gwaggo kuwa aikinta ke nan, don haka ni na ci riba biyu. Tun yarinyar tana tatata nake gaya wa duk mai kunne cewa abin da suke ji a bakina somin-taɓi ne, guɗar gaskiya na ajiye ta sai ranar Bahijja.

Ana sa ranar auren, murya ta ce ga garinku nan. Sai in kwaɗa sallama a tsakar gida, ba wanda zai waiwayo. Na sha zuma, na tauna citta da kanumfari har bakina ya saɓule. Na zargi maƙiya, har na daina gaisa da wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Na kai kaina wajen Ɗantsoho wanzami na ce lallai belu ne ya sauko. Ya leƙa, ya ce wane belu kuma, ai ubansa ya cire shi tun ina cikin zanen goyo.

Maƙwabciyata Beatrice, nas ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a bayan gari, ita ta ce likitocin maƙogwaro kan zo musu duk wata da kyamarar leƙa wuya. Na yarda nan take, ba don na gamsu da kyamarar ba, sai don ƙauye ne, matan Tudun Wada ba za su ga Larai tana magana da hannu ba. Ina sauka daga mota, wata mai goyo ta nuna ni ta ce ga wadda ta yi guɗar bikinta. Kafin in samu benci, har mai sayar da rake ya san abin da ya kawo ni.

Wani dattijo aka fara gani, wanda kunu ke sarƙe shi. Ya fito yana tafiyarsa ƙalau, sai na ce a raina ashe abin wasa ne. Da aka kira ni, likitar, wata siririyar yarinya mai suna Naja'atu, ta fesa min magani a hanci, ta ɗauko wata roba kamar taliya mai 'yar fitila a baki. Ni da nake cika bakin ba na tsoron kowa, ni ce na damƙe hannun Beatrice har sai da ta kira sunan Yesu. Da ta zura min robar ta hanci, aka ce in ce "iii", iska kawai ta fito.

Sai ta juyo min da wata 'yar talabijin mai nuna abin da kyamarar ta ɗauko. Wasu fararen tsokoki biyu na gani, ba su kai farcen ɗan yatsa ba. Wai su ne muryar. Duk taƙamar da na yi a Zariya, duk faɗan da na ci, a kan waɗannan 'yan mitsi-mitsin na yi su. A jikin ɗayan ga wani jan kumburi. Likitar ta ce shekarun tilasta murya ne suka tara jini a wurin, zai iya warkewa da magani da shiru. In kuwa na yi guɗa yanzu, yana iya fashewa ya bar tabo, ko maganar yau da kullum ta gagare ni.

Na shiga ciniki da raɗa. Guda ɗaya fa? To rabi?

"Inna," in ji ta, "da ina da ikon hana ki tari ma, da na hana."

Na dawo gida na kama bakina, maƙwabta suka riƙa shigowa kallon abin mamaki. Magani na sha, shiru na yi, amma a zuciyata na riga na yanke: ranar zan yi, in ta fashe ta fashe. Wallahi na ji tsoro, sai dai kunyar alkawarin ta fi tsoron.

Ranar Asabar da hantsi maza suka dawo daga masallaci, Nagoda ya tsaya a zaure ya ce an ɗaura. Gida cike da mata, aka yi tsit, kowa ya juyo yana kallona. Ina zaune a bakin gado kusa da amarya. Na ja numfashi, na ɗaga hannu zan kama hanci, sai na ji an riƙe min wuyan hannu ta ƙarƙashin mayafi.

"Gwaggo, Fatakwal za a kai ni," Bahijja ta ce a hankali. "Guɗa ana ji ne ta wuce. In muryarki ta tafi, wa zan kira a waya ya yi min faɗa?"

Na sauke hannun. Can a tsakar gida wata ƙawar amarya ta saki tata guɗar, 'yar siririya, numfashin ma bai kai mata ba. Na san duk inda ta yi kuskure, amma na ƙyale ta. Hawaye ne kawai ke zuba, yarinyar kuma ba ta saki hannuna ba har aka shigo da abinci.