Gidan da Gwaggo Lucia Ta Ƙi Bari

Shekarar da aka gama kwaso gwamnati daga Legas zuwa Abuja na dawo daga karatu, na tarar da gwaggona Lucia zaune a ƙasa tana farfasa dokin ƙofarta da guduma.

'Yar Gbagyi ce, tukwane take ginawa tun tana budurwa. Da aka fara share daji don gina sabon birni, aka tashe su daga ƙauyensu, aka ba su gidajen siminti a hanyar Kwali. Mijinta bai daɗe a sabon gidan ba ya rasu. 'Yarta tilo tana aure a Masaka.

Wanda ya zana gidan bai tuna da tsufa ba. Matakalar ƙofa ta yi tsayi, daɓen yana da santsi, bayan gida kuma can ƙarshen fili. Wata damina ta zame ta karye a ƙafa. Tana kwance wurin mai ɗori, ƙanin mijinta Zacharias ya tara dangi ya ce tsohuwa ba za ta iya zama ita kaɗai ba, a kai ta Masaka, a sayar da gidan tunda fili ya fara tsada. Bai jira amsa ba. Ya share tsakar gida don masu saye su ga faɗinsa, ya farfasa randunan da ta gina ba ta kai ga gasawa ba, wai suna tare hanya.

Da ta dawo ta ga tarin tsingaro, ba ta yi kuka ba. Ta ce mini, "Ɗana, zan zauna a gidan nan har ya gaji da ganina."

Ta baje matakalar, ta cike wurin da jar ƙasa ya zama gangare. Ta kwaɓa yumɓu da tsakuwa ta shafe daɓen don ƙafa ta riƙa kamawa. Ta ɗaura igiya daga bakin ɗaki zuwa bayan gida, tana bi da hannu. Ta ɗaga murhu ya kai ƙugunta. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, don haka ta gina ɗan dandamali daidai kafaɗarta a bakin rijiya, ta daina sunkuyawa: ta jawo ƙwarya kawai ta wuce.

Dangi suka zo suka gani, suka bar maganar kai ta Masaka. Zacharias dai bai haƙura ba. Da rani ya kawo wani ɗan kasuwa daga Zariya, Alhaji Hadi, ya ce masa tsohuwar ta kusa tafiya wurin 'yarta.

Suka same ta a tsakar gida, a bakin wani dogon rami da aka rufe da fallen kwano.

"Matarmu, wannan kuma fa? Sabuwar rijiya?" in ji Zacharias.

"Ɗakina ne na ƙarshe, oga. Mu tsofaffinmu a gida ake binne su, ko birni ya mantar da kai?" Ta juya wajen baƙon. "Alhaji, sannu da zuwa. Ka saya, gida mai kyau ne. Sai dai ni ma ina cikin cinikin, yau a sama, gobe a ƙasa. Ba ni da surutu."

Alhaji Hadi ya ja da baya, ya ce, "Allah ya ba ki tsawon rai, Mama." Ya dubi Zacharias. "Malam, ai ba ka ce mini da maƙwabciya ba."

Babu wanda ya sake zuwa tayi. Ta rayu shekaru masu yawa tana dafa abincinta da hannunta, kuma duk safiyar Lahadi, in Zacharias zai wuce coci, sai ta fito ta share bakin ramin tana gaishe shi da ƙarfi.