Ledar da ke Fuskar Talabijin

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata Asabar, mu uku ne a falona a Shango: ni, da matata, da ƙaninta wanda ya kawo talabijin ɗin.

Buga wa mutane takardu a kwamfuta ne sana'ata, ga ido ya fara rauni. Ƙanin ne ya ce in sayi babbar talabijin mai tambarin 4K, wato mai fitar da hoto garau, in haɗa da kwamfutar, rubutu zai fito tar. Shi ya zaɓo ta a shagon abokinsa. Sharaɗin mai shagon ɗaya ne: in an ɓare ledar fuskarta, ba ya karɓa.

Na bi tsari. Da farko na kashe komai. Sannan na jona wayar da ke haɗa su. Na kunna talabijin, daga baya kwamfuta. Rubutu ya fito, amma dishi-dishi.

"Yaya, tsufa ne, ba talabijin ba," in ji ƙanin, yana dariya.

Na canja waya. Haka dai. Sai na kai hannu kan ledar.

"Malam, kar ka taɓa!" in ji matata. "Wa ke ɓare ledar sabon abu? Firjinmu ma har yau da ledarsa."

"Anti ta yi gaskiya," ya ce da sauri, ya miƙe ya tsaya tsakanina da talabijin.

A nan na fara zargi. Mutumin nan bai taɓa goyon bayan yayarsa a kan komai ba. Na kuma lura da salatif aka manne gefen ledar. Kamfani ba ya aiki da salatif.

In na ɓare, ba mayarwa. In ban ɓare ba, ba zan san ko leda ce ke dusashe rubutun ko talabijin ɗin ba.

Na ce ya matsa. Na ɓare.

Tambarin 4K ɗin ya taho tare da ledar. A kan gilashin akwai busassun alamun ƙananan yatsu, na manja. Yaran wani gida sun daɗe suna cin doya a gabanta. Rubutun kuwa yana nan dishi-dishi.

Nan take ƙanin ya tuna ana jiransa a Gwada. Mai shago ya ƙi karɓa, ya ce ai na ɓare. Ko ƙanin ya san tsohuwa ce tun farko, bai taɓa faɗa ba. Yana zuwa cin tuwo har yau, amma baya yake juya wa talabijin ɗin.

Mai karatu, ina roƙonka: in za ka saya, tafi shagon da kwamfutarka, ka jona, ka sa mai shagon ya ɓare ledar da hannunsa a gabanka.