Gindin Bedi

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da tarihi a koleji a Dogon Dutsi, kuma darasin da na fi so shi ne na sarakunan Ingila na dā. Ba ya ma cikin abin da ake tambaya a jarrabawa, ni nake cusa shi don daɗin baki. Jikokin sarki ɗaya ne suka rabu gida biyu, waɗannan da farin fure, waɗancan da ja, suka yi ta yanka juna kan kujera har zuri'ar ta kusa ƙarewa. Ɗalibai su yi ta dariya. Ni kuma in gyara tsayuwa in ce musu mai hankali a irin wannan rikici shi ne wanda ya ja gefe. Bakina ya ja mini.

Sai mahaifinmu ya rasu. Shi ne mai garin ƙauyenmu, can wajen Dumega. Yayana, wanda ya riƙe gona da gida ni ina lakkol, wato makarantar boko, ya fito neman sarautar. Ɗan baffanmu ma ya fito, ya ce tun zamanin kakanmu aka yi alkawari in ta bar gidanmu gidansu za ta koma. Babu takarda, tsofaffin da suka ji maganar duk suna kushewa. Ga shi kuma ƙanwar ɗan baffan nake aure, uwar ƴaƴana huɗu.

A ƙauyenmu ba a ɓoye zaɓen mai gari. Masu gida ake tarawa a fili, kowa ya bi layi bayan wanda yake so, wakilin hukuma ya ƙirga kawuna, kowa na ganin kowa. Matata ta yi kwana uku tuwo kawai take ajiye mini ta juya. Yaya kuwa bai ma roƙe ni ba. A ganinsa ina aka taɓa roƙon ƙane?

Ni da wayona na ƴan boko sai na tafi gindin wani iccen bedi na tsaya, hannu a baya, wai ba ruwana. Na ɗauka Yaya zai ci da rata, in tsira da shi, in tsira da matata. Aka ƙirga, aka sake ƙirgawa, layi biyu suka zo daidai. Wakilin ya hango ni ya tambaya ko mushe zai shiga, ai haka ake kiran malamin lakkol a nan. Wallahi ƙafata ta motsa. Amma idon surukaina na kaina, kuma na riga na nuna wa duniya ni mai hankali ne. Na girgiza kai. Aka ce in an yi daidai babba ake ba, ɗan baffa kuwa ya girmi Yaya da damina biyu.

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Damin hatsin da yake aiko mini kowace kaka ne ya daina zuwa. Ya daina kiran sunana, sai Mushe, kamar baƙo. Surukan ma ba su gode ba, ai ban tsaya bayansu ba. Sau uku ina ɗaukar dattawa mu je ba shi haƙuri. A na ukun ya dube ni ya ce, “Mushe, na waiwaya ban gan ka ba. Mi ya rage?”

Ban sake koyar da darasin nan ba har na yi ritaya. Kunya nake ji, kuma haushin kaina bai taɓa sakina ba.

Bara Yaya ya rasu. Na hau kabu-kabu na bi yashi har ƙauye, na samu an fito da shi a filin nan dai. Na shiga sahun farko, daidai bayansa. Kafin liman ya ɗaga hannu, babban ɗan Yaya, magidanci da furfura a gemu, ya matso ya kama hannun rigata a hankali.

“Baffa, akwai inuwa can gindin bedi.”

Ba wanda ya ce masa ya bari. Na ɗauki takalmana na tafi.