Kwana Arba'in na Karyar Manu

Manu mutumin Farfaru mafarauci ne, kuma tun yana saurayi ba a san shi da zama wuri ɗaya ba. Yana da gona, amma da an gama girbi sai ya faɗa daji da karyarsa, wata ja siririya da yake kira Tsinke. A shekarun ne Turawa suka kakkafa turaku a arewa da Jibiya, suka ce nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa. Manu yakan wuce turakun nan sau biyu a rana bai ko dube su ba.

Wata ranar kasuwar Jibiya mahaukacin kare ya faɗo rumfar mahauta, ya ciji mutum uku kafin a gama da shi da sanduna. Tsinke ce ta fara tare shi. Sai da suka kama hanyar gida Manu ya ga tana ɗingishi. Ya duba cinyarta, ga shatin haƙora. Ya shafa mata toka, bai gaya wa kowa ba.

Bayan kwana uku mai shela ya zagaya ƙauyuka da umarnin hakimi: kowa ya ɗaure karensa, wanda aka gani a sake dogarai za su kashe shi. Karen kuma da mahaukacin ya ciza, a kawo shi a kashe, mai ɓoyewa zai gamu da alƙali.

Manu ya kasa cin abinci. Ya shiga gida, ya fito, ya je gona ya dawo bai taɓa komai ba. Da gari ya waye ya sa wa Tsinke igiya, ya bi ta bayan gari ya ƙetare turakun. Yayarsa Safiyatu tana aure a wani ƙauye can ɓangaren Faransa, inda shelar ba ta kai ba.

Ya iske ta tana sussuka. Ta dubi karyar, ta dubi tokar da ke cinyarta.

"Mi ya same ta?"

"Ƙaya ce, Yaya."

"Manu, ni na goye ka. Mun ji labarin kasuwa." Ta ajiye taɓarya. "Ɗiyana huɗu suna wasa a tsakar gidan ga. Ka sha ruwa ka koma da ita."

Ya fita. Har la'asar yana kai da kawowa a bakin iyaka. Ya kwance igiyar don ya sake ta a daji, sai ya hango garken makiyaya da mata suna tatsa, ya mayar ya ɗaure. Ya zaro wuƙa, Tsinke ta kaɗa masa wutsiya, ya mayar da wuƙar kube.

Daga nan ya zarce ƙofar dagacin Farfaru, ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Wani dogari mai suna Rabe yana wurin, nan take ya miƙe da kulki.

"Ranka ya daɗe," in ji Manu, "akwai tsohon rumbu a gonata, nesa da mutane. A bar ni in rufe ta kwana arba'in. In ta ƙi ruwa ko ta fara dalala, ni da hannuna zan kashe ta."

Rabe ya ce doka ba ta faɗi haka ba. Dagaci ya ce zai kai maganar gaban hakimi, kafin nan a rufe ta, Rabe ya riƙa zuwa duk Juma'a yana gani da idonsa. Amsar hakimi ta zo da sharaɗi: in karyar ta fita, Manu ne zai je gidan yari.

Ta bakin rumbu yake zura mata ruwa da tuwo a ƙwarya. Tana kuka, yana zagaye rumbun har ƙafarsa ta fitar da hanya. A kwana na ashirin da shida aka binne ɗaya daga cikin waɗanda aka ciza, wani mahauci. Matar Manu, Fatsuma, ta hana shi taɓa tulun gida. Abokan farauta suka daina biyowa ta gonarsa. Kullum sai ya leƙa ya ga ko ta sha ruwan, ya tafi, ya sake dawowa ya leƙa.

Ranar cikon arba'in Rabe ya zo da mutane. Aka zura ƙwarya, Tsinke ta shanye tas. Aka fasa rumbun ta fito a rame, ba ta ko iya gudu.

Ba ta ƙara kama zomo ba. Amma labari ya bazu, duk ƙauyen da kare ya canza hali, daga Kusa har Daddara, Manu ake aika wa ya zo ya duba. Wasu ya sa a rufe su, da yawa kuwa shi ya kashe su, masu su suna zaginsa. Rabe ne ke raka shi, kuma har suka tsufa ba su daina gardama a hanya ba.