Ƙarfen Bayan Kati

Shekarar da ƙanwata ta gama sakandare, Baba ya yanke magana ɗaya: in dai jarrabawar shiga jami'a sai an kwana a wani gari, to ta haƙura. Tun da aka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri ba ya barin ɗiyarsa ta yi nisa da gida, kuma ban ga laifinsa ba. Ita kuwa ta daina cin abincin kirki.

Ni nake kula da kwamfutoci a wata ƙaramar cibiya a Yelwa, kuma a shekarar muka nemi a amince mana mu zama wurin rubuta jarrabawar. In an amince, ƙanwata da ƙafa ma za ta iya zuwa. Sharaɗi ɗaya ya rage mana. Saba, wato babbar kwamfutar da sauran suke jan tambayoyi daga gare ta, ƙofar netwok, inda ake soka wayar sadarwa, ɗaya gare ta, ana son biyu. Maganin shi ne kati, ɗan allo kamar tafin hannu da ake sokawa a cikinta. Muka yi odarsa daga Kaduna, ya yi ta yawo a tasha, bai iso ba sai safiyar ranar da mai duba cibiyoyi ya ce zai zo bayan la'asar.

Lokacin bazara ne. Na kashe saba, na zare wayar wuta, na buɗe murfinta, na cire takalmi na taka siminti, na dafa ƙarfen taga don kada wutar jikina ta ƙona katin. Na ɗaure goshina da tsumma, domin ɗigon zufa ɗaya a kan allon ciki ya isa ya gama da mu. Na yi bismilla na kai katin bakin raminsa, sai ya ƙi zama. Ƙarfen bayansa, wanda ake ɗaurewa da sukuru, na doguwar kwamfuta ne, tamu kuwa siririya ce. Na zazzage kwali, babu gajeren. Na zauna a ƙasa ina zagin mai shagon Kaduna a zuci.

Mai cibiyar ya leƙo ya ce, "Ka danna shi da ƙarhi mana, ai shiga zai yi."

Na ce, "Alhaji, in na danna, mu duka mun shiga uku."

Barin katin babu ƙarfe ma ba dabara ba ce, ana jan waya zai goce. Sai na tuna da wani tsohon maƙeri a bakin ruwa, mai yi wa masu jirgi ƙusa. Na kwance ƙarfen, na auna tsawon da nake so da tsinken tsintsiya na karya shi daidai, na hau mashin.

Tsohon ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "Wanga ɗan abu? Mi aka yi da shi?"

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce in kawo injin ɗin ya gani da idonsa, shi ba ya aiki da tsinke. Na ce, "Baba, ka rufa mani asiri, injin ba ya fita ɗaki." Ya yi tsaki, ya tafi sallar azahar, na bi shi. Allah Ya yafe mini, rabin hankalina a sallar nan yana kan ƙarfen. Da muka dawo ya yanke shi, ya lanƙwasa bakin, ya huda, ya goge da magagari, duk ba ya sauri ko kaɗan, ni kuwa kamar in ƙwace gudumar.

Ramin sukurun ya ɗan karkace, amma ya kama. Katin ya zauna da 'yar ƙara. Na rufe, na soka wa katin wayarsa, na kunna. Saba ba ta tashi da wuri. Fankokinta suka yi ta kuka, allo baƙi ƙirin. Can sai ɗan koren haske ya fara ƙiftawa a bayan katin.

Mai dubawa ya zo, ya gwada kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zagaya bayan saba ya ƙura wa ƙarfen ido. Ya kankare shi da farce ya ce, "Wannan fa?" Na faɗa masa gaskiya. Bai yi dariya ba, ya yi rubutu mai tsawo a takardarsa, ya ce za mu ji. Kwanakin da suka biyo baya ban gaya wa kowa a gida komai ba, ko da Inna ta tambaye ni abin da ya hana ni cin tuwo.

Aka amince. Takardar jarrabawar ƙanwata ta fito da sunan Yelwa a jiki, Baba ya sa aka karanta masa sau biyu, ya ce, "To, ta tai."

Ranar jarrabawa ni na kai ta. Tana layi na biyu, kusa da taga, ana hango ta daga ƙofar ɗakin saba. Har ta gama ban iya ɗaga kai na dube ta ba. Ina durƙushe a bayan injin, na riƙe wayar katin da hannu don kada ta motsa.